Mun kira masu duba gobara shagon ɗinkinmu na Agege: abin da suka yi daidai da inda suka gaza

Shagon ɗinkinmu yana hawa na sama a wani tsohon bene da ke Agege, ba nisa da layin dogo, kuma ni ne nake riƙe da littafin kuɗi da sayayyar shagon tun lokacin da Alhajinmu ya fara yawan tafiya Kano sarin shadda. Mu 14 ne idan an haɗa da yara masu koyo. Muna da kekunan ɗinki na lantarki, da injin aikin wuya mai kwamfuta guda ɗaya wanda ya fi komai tsada a ɗakin, da dutsen guga uku, da janareta a ƙarƙashin matakala, sannan da ɗan ɗaki a ciki inda ake jibge shadda da yadi da atamfar mutane. Duk wanda ya san sana'ar nan ya san cewa idan Sallah ta ƙarato tela ba ya komawa gida, a kan tarin yadi yake kishingiɗa kafin asuba.

A cikin azumin 2025, wani dare wajen ƙarfe biyu, muka ji warin roba yana tasowa daga ƙarƙashin teburin guga. Da muka janye buhun ƙyallaye sai muka tarar da doguwar soket ɗin da aka jona wa dutsen guga biyu ta narke ta manne da ledar ƙasa. Muka zare, muka yi hamdala, muka ci gaba da ɗinki, domin kayan Sallar mutane ba sa jira. Maganar ta kwanta har watan Satumba na shekarar, lokacin da gobara ta tashi a benen Afriland Towers da ke titin Broad a tsibirin Legas, daga ɗakin batiran inbata da ke ƙarƙashin ginin, ta yi sanadin rasuwar mutum 10. Alhaji ya kalli hotunan ma'aikata suna dirowa ta taga a wayarsa, ya juyo ya dubi tagoginmu da duk aka liƙe da baglari, ya ce mini in nemo masu wannan aiki. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Kamfanin da na ɗauko ƙarami ne, ofishinsa yana wajen Ikeja, kuma ba zan ambaci sunansa ba tunda akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa. Aikinsu kashi uku ne: su duba wuri su rubuta rahoto, su sayar da tukwanen kashe gobara ko su sake cika tsofaffi, sannan su koyar da ma'aikata. Mun ɗauki dukkan ukun, kuma a jimlace mun kashe abin da ya kusa sayen keken ɗinki na lantarki guda ɗaya. Yanzu an yi 'yan watanni, na ga abin da ya ɗore da abin da bai ɗore ba, shi ya sa nake ganin zan iya faɗa wa 'yan'uwanmu masu shaguna da rumbuna a Agege da Mile 12 da Alaba Rago ko kuɗin ya cancanci a kashe shi.

Ranar dubawa sun ce ƙarfe tara, sai wajen sha biyu suka iso, suka ɗora laifin a kan gosulo, wanda a Legas ba mai iya ƙaryata shi. Mutum biyu ne, injiniya dattijo da ya ce ya taɓa aiki da 'yan kwana-kwana, da wani saurayi mai jakar takardu wanda daga baya na gane cewa shi ne ɗan talla. Na zaci za su fara da ƙirga inda za a rataya jajayen tukwane. Dattijon bai ko kalli bango ba. Ya tsaya a bakin matakala ya tambayi Alhaji cikin girmamawa mutum nawa ne suke kwana a nan, kuma mukullin ƙofar ƙasa a hannun wa yake kwana.

Gaskiyar magana ita ce, a lokacin aikin Sallah mutum bakwai ko takwas suke kwana a shagon, kuma saboda tsoron ɓarayi mai gadin layin yakan datse ƙofar ƙarfen ƙasa da kwaɗo ta waje, ya buɗe da asuba. Matakalar guda ɗaya ce, janareta da jarkar fetur suna ƙarƙashinta, tagogi kuma duk baglari ne da aka yi wa walda. Dattijon ya sa muka sauka tare, ya nuna janareta, ya nuna matakala, ya ce idan wuta ta kama a nan hayaƙi zai bi wannan rami ya hau sama kamar bututu, mutanen da suke barci kuma ba su da wata hanya. Ya tuna mana gobarar wata masana'antar roba a Ikorodu a watan Satumba na 2002, inda ma'aikatan dare da dama suka rasu, rahotannin lokacin kuma suka ce an kulle su ne a ciki. Ya ƙara da cewa dokar masana'antu ta 1987 ta hana a kulle ƙofa ta yadda ba za a iya buɗe ta daga ciki ba matuƙar akwai ma'aikata a wurin. Ni dai a wannan minti biyar ɗin na ga cewa kuɗin dubawar ya riga ya fita, domin shekara da shekaru muna hawa matakalar nan muna sauka, babu wanda ya taɓa kallonta da wannan ido.

Daga nan ya koma kan wutar lantarki, kuma nan ne ya fi daɗewa. Ya buɗe akwatin fis ya nuna mini inda wani mai gyara ya ɗaure wayar tagulla mai kauri a madadin fis ɗin da ya ƙone, ya yi bayani cewa amfanin fis shi ne ya mutu kafin wayar bango ta yi zafi, idan aka sa masa abin da ba ya mutuwa to wayar bango ce za ta ƙone. Ya gano cewa soket ɗin teburin guga an ja shi ne da waya mai kaurin milimita 1.5, wadda ta fitila ce, alhali soket yana buƙatar mai milimita 2.5. Ya ɗauki doguwar soket sabuwa da muka saya a madadin wadda ta narke, ya juya bayanta ya nuna mini rubutun amfiya 13, ya ce a wutarmu ta bolt 230 wannan bai wuce wat 3,000 ba a jimlace, ko da ramukan soket ɗin sun kai shida, kuma mai arha ma ba ta ɗaukar hakan. Dutsen guga biyu da butar dafa shayi sun isa su wuce wannan iyaka. Ya kuma yi gargaɗi kan al'adar da kowa yake yi, wato idan an ɗauke wutar NEPA a bar dutsen guga a kunne a tafi, wuta ta dawo cikin dare babu kowa a kusa. Ban ji daɗin yadda ya yi ta girgiza kai a gaban yara ba, amma ban sami abin musantawa ba.

Muna da tukunyar kashe gobara guda ɗaya tun da, tana bayan ƙofa an rataya mata tsumma da carbi. Ya ɗauko ta ya share ƙurar da ke kan agogonta, sai ga allurar ta faɗi can cikin ja maimakon kore. Ya kifa ta, ya kara mini ita a kunne, ya ce in saurara. Ban ji komai ba. Ya aika saurayin mota ya ɗauko sabuwa, ya kifa ta haka nan, sai na ji hodar tana zuba a ciki sannu a hankali kamar yashi. Ya ce idan tukunya ta daɗe a tsaye babu mai motsa ta, hodar takan dunƙule ta koma kamar siminti, don haka ranar da aka buƙace ta ba abin da zai fito. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daga ranar na sa wa kaina cewa duk farkon wata sai na duba allura na kuma kifa kowace tukunya.

A kan zaɓen tukwane ma ya yi mana adalci. Ya ce a sa mai hoda ta kilo 9, wadda take da shuɗiyar alama, a bakin ɗakin yadi da kuma kusa da janareta, domin tana kashe wutar tufafi da ta fetur da ta gas. Amma kusa da injin aikin wuya ya ce a sa mai iskar kabon, mai baƙar alama da baki kamar kakaki, saboda hoda tana shiga cikin na'ura ta lalata ta, iskar kuwa ba ta barin komai a baya. Ya nuna cewa ita wannan ba ta da agogo, sai dai a auna nauyinta a san ko ta ragu, kuma kada a riƙe kakakin da hannu lokacin fesawa domin sanyinsa yana iya ƙona fata. Ya haɗa da bargon kashe wuta guda ɗaya don wurin da yara suke dafa taliya a kan ƙaramar tukunyar gas, ko da yake abin da ya fi so shi ne a fitar da girkin daga shagon gaba ɗaya.

Matsalar ta fara ne da takardar farashi da saurayin ya turo ta WhatsApp bayan kwana biyu. Abin da dattijon ya lissafa da bakinsa daban, abin da ke cikin takardar daban. Tukwane uku sun zama bakwai. An sa mana naɗin tiyo na kashe gobara, alhali benen ba shi da famfo mai ƙarfi, ruwan alwala ma daga mai ruwa muke saye da jarka. An sa wani babban allon ƙararrawa irin na otal. Da na kira shi sai ya fara ba ni tsoro da cewa jami'an gwamnatin jiha suna iya zuwa su rufe shagon idan ba mu sayi dukkan wannan ba. Hukumar kula da lafiyar wuraren aiki ta jihar Legas da hukumar kashe gobara ta jihar suna da ikon duba wurare, wannan ba ƙarya ba ne, amma amfani da sunansu don a cusa wa mutum tiyon da babu ruwan da zai bi ta cikinsa ba sana'a ba ce. Sai da na nemi a haɗa ni da dattijon kai tsaye sannan takardar ta dawo hayyacinta. Duk wanda zai yi hulɗa da irin waɗannan kamfanoni, ya riƙe biro ya rubuta abin da mai dubawa ya faɗa tun yana tsaye a shagon, domin wanda ya duba ba shi ne yake rubuta farashi ba.

Rahoton da suka kawo ma bai burge ni ba. Shafi takwas ne da Turanci, a shafi na biyar kuma an manta an bar sunan wani gidan burodi, alamar cewa tsohon rahoto aka ɗauko aka sauya kai. Maganar kwaɗon ƙofa, wadda ita ce mafi muhimmanci a duk abin da aka gano, layi ɗaya ta samu a can ƙasa.

Ranar koyarwa ita ce ta wanke su a wurina, duk da cewa ita ma da saura. An yi ta ranar Lahadi da hantsi a wani fili bayan layinmu. Sun zo da rabin duro, suka zuba ɗan mai suka kunna, suka ce kowa sai ya riƙe tukunya da hannunsa. Wani yaronmu da bai fi shekara 17 ba shi ya fara. Ya matsa hannun tukunyar ya matsa, ba ta fesa ba, ya juyo a rikice ya ce da ni, “Yaya, ta lalace.” Bai zare fil ɗin da ke kulle hannun ba ne. Da ya zare sai ya auna harshen wutar a sama, farar hoda ta tashi ta rufe mu duka muna tari, wutar kuma tana nan tana ci. Dattijon ya kama hannunsa ya saukar da bakin tiyon zuwa gindin wutar, ya kaɗa shi dama da hagu, nan take ta mutu. Abin da ya fi girgiza mu shi ne saurin ƙarewarta, domin tukunyar kilo 9 da muke gani kamar za ta kashe gida guda ba ta kai rabin minti tana fesawa ba. Daga nan kowa ya fahimci cewa tukunya ta wutar da ta fara ce, wadda ba ta wuce kwandon shara ba, idan ta kama tarin yadi sai a fita kawai. Ya ce mai fesawa ya bar ƙofa a bayansa kullum, kada wuta ta shiga tsakaninsa da mafita, kuma idan hayaƙi ya cika ɗaki a durƙusa a yi rarrafe saboda iska mai kyau a ƙasa take, hayaƙi kuma shi ya fi kashe mutane kafin wuta ta iso gare su.

Ya yi bayanin cewa wuta tana rayuwa ne da abu uku, abin ci da zafi da iska, idan aka raba ta da ɗaya ta mutu. Da wannan ya fahimtar da su dalilin da ya sa ba a watsa ruwa a kan man gyaɗa da ya kama ko fetur, da dalilin da ya sa ake fara kashe babban makunni kafin a kusanci wutar lantarki. Ya ce tururin fetur da iskar gas duk sun fi iska nauyi, suna kwanciya a ƙasa su bi lungu, shi ya sa zuba wa janareta mai yana da zafi ko ajiye jarka a ƙarƙashin matakala yake da haɗari ko da babu ashana a kusa. Ya nuna yadda ake shafa ruwan sabulu a bakin tukunyar gas a ga ko zai yi kumfa.

Inda suka gaza a nan shi ne harshe. Dukkan wannan bayani da Turanci da burokin aka yi shi, alhali rabin yaranmu ba su daɗe da zuwa daga Katsina da Sakkwato da Maraɗi ba. Na faɗa musu haka tun ranar farko, suka ce babu damuwa, amma ba su zo da kowa ba, sai ni na koma tafinta ina lalubo yadda zan faɗi abubuwan da ni ma ranar na fara jin su. Kamfanin da yake neman ciniki a Agege da Mile 12 da Idi Araba ya kamata ya nemi ko mutum ɗaya mai jin Hausa, kuma a Legas wannan ba abu ne mai wuya ba. Takardun da suka manna a bango ma da Turanci suke, sai da na sa aka rubuta mana namu da Hausa da manyan baƙaƙe, har da lambobin neman agaji na jihar, 112 da 767, da kwatancen layinmu yadda mai kira zai karanto shi ko yana cikin firgici. Akwai tashar 'yan kwana-kwana a Agege, amma duk wanda ya ga yadda teburan 'yan kasuwa da keke suke cushe layinmu ya san cewa mintocin farko a hannunmu suke.

Wani dattijon tela a cikinmu ya yi ƙorafi ranar cewa gobara ƙaddara ce, abin da Allah Ya rubuta ba tukunya za ta hana ba. Alhaji ne ya amsa masa da kansa, ya ce, “Malam, ai kai ka karantar da mu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a kwanta barci a bar wuta tana ci a gida, kuma ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali.” Malam ya yi dariya ya karɓi tukunya, kuma shi ya fi kowa saurin kashe wutar duron.

Sai batun na'urar jin hayaƙi. Sun sa guda biyu a silin, amma yaran da suka turo ɗaurawa sun sa ɗaya daidai saman teburin guga, inda tururi yake tashi yini guda. Kwana uku tana ihu babu dalili, har wani ya hau kujera ya zare batirinta bai faɗa wa kowa ba, sai bayan mako biyu na lura cewa 'yar fitilarta ba ta ƙiftawa. Na kira kamfanin sau huɗu, kullum sai a ce gobe. Sai da aka yi mako uku suka zo suka matsar da ita zuwa saman matakala, aikin da bai ɗauki minti goma ba. Kafin a biya kuɗi wayarsu ba ta ƙara biyu ba a ɗauka ba, bayan an biya kuwa sai ka yi ta bi. Da zan sake, zan riƙe wani kaso na kuɗin har sai an gama komai an gwada a gabana, kuma zan sa a rubuta a rasit ranar da za su dawo duba tukwane, tunda aƙalla sau ɗaya a shekara ake so ƙwararre ya duba su.

Idan aka tambaye ni ko a kira su, zan ce a kira su saboda dubawa da koyarwa, a nace cewa dattijon ko wani irinsa ne zai zo, a kuma yi ciniki da ido buɗe a kan kayan sayarwa. Mafi yawan gyaran da ya fi amfani ma ba daga hannunsu muka saya ba. Mai gyaran wuta ya sake mana wayar soket ya sa fis na gaskiya. An fitar da janareta zuwa wani keji a bayan gida, jarkar fetur kuma ba ta ƙara kwana a benen ba. Mai walda ya yanke baglarin taga ɗaya ya mayar da shi mai buɗewa, mukullinsa yana rataye a ƙusa kusa da tagar inda kowa ya sani. Ƙofar ƙasa yanzu sakata take da ita ta ciki, mai gadi ya daina datse mu.

Abin da ya rage shi ne matakala ta biyu ta ƙarfe da dattijon ya ce a yi daga wannan taga zuwa ƙasa, domin a yanzu wanda ya buɗe tagar sai dai ya diro kan rufin shagon mai shayi. Baba mai benen ya ce ba zai yarda a huda masa bango ba sai ɗansa ya dawo daga Ibadan sun yi shawara. Alhaji ya ce in ba a yi ta kafin azumi ba, bana ba wanda zai kwana a shagon, ko da kayan Sallah za su makara.